Raunin Ƙwaƙwalwa a Yara: Yadda Magana da Karatu Suke Dawowa Bayan Buguwar Kai

Raunin ƙwaƙwalwa shi ne lahanin da yake samun ƙwaƙwalwa sa'ad da wani abu ya bugi kai da ƙarfi, ko kai ya bugi wani abu, ko kuwa aka jijjiga mutum jijjiga mai tsanani. A wurin yara, wannan rauni yakan taɓa magana, da fahimtar abin da aka faɗa, da karatu, da rubutu. Ciwon fata yakan warke cikin mako biyu, karyayyen ƙashi cikin wata ɗaya ko biyu, amma ƙwaƙwalwa takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. Saboda haka yaro yana iya dawowa daga asibiti yana tafiya, yana cin abinci, yana wasa, kowa yana yi wa iyayensa barka, alhali aikin warkewa bai ko kai rabi ba.

An shirya wannan bayani domin iyaye, da malaman makarantar Lahadi, da zumuntar mata, da dattawa da fastoci, musamman na wurare irin su Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato, inda babban asibiti yake da nisa, yawancin aikin kula da yaron kuma yakan koma hannun gida da ikkilisiya.

Yadda yara suke samun wannan rauni

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari ta nufi Jega da Yawuri. Manyan motoci da ƙanana suna bin ta dare da rana, yara kuma suna tsallaka ta zuwa makaranta, ko kasuwa, ko talla. A ƙauyukan Kebbe kuwa babur ne motar kowa. Kabu-kabu ɗaya yakan ɗauki uwa da goyo da yara biyu, ba wanda yake da hular kwano a cikinsu. Hatsarin hanya na daga cikin manyan abubuwan da suke kawo wannan rauni.

Bayan shi akwai faɗuwa: daga kan mangwaro ko tsamiya ko kuka, daga amalanke, daga katanga. Akwai harbin jaki, da tunkuyin sa, da rushewar ginin ƙasa da damina. Akwai kuma wanda ba a cika son faɗa ba, wato duka a ka da sunan horo, da jijjiga jariri don ya daina kuka. Wuyan jariri bai yi ƙwari ba, jijjiga ta ɗan lokaci kaɗan tana iya tsinka jijiyoyin jini a cikin kansa.

Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ba buguwa ba ne, amma sukan bar wa yaro irin wannan lahani a magana da ji da koyo. Jihohin Sakkwato da Zamfara sun sha fama da annobar sanƙarau a 2017. Yawancin shawarwarin da ke nan za su amfani yaran da suka tashi daga waɗannan cututtuka.

Abin da yake faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa tana da taushi ƙwarai, tana kuma zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. In kai ya bugu, sai ta girgiza ta bugi ƙashin da ya kewaye ta. Wuraren da suka fi shan wannan bugu su ne sashen gaba, bayan goshi, da sassan gefe, kusa da kunnuwa. Sashen gaba ne yake riƙe da natsuwa, da tsara tunani, da kame kai. Sassan gefe kuma suna da babban aiki wajen gane magana da tuna abu. Ban da wannan, siraran jijiyoyin da suke kai saƙo daga wani sashe zuwa wani sukan miƙe ko su tsinke. Shi ya sa yaro yake iya sanin amsa amma ta daɗe ba ta fito ba.

A wurin yawancin mutane, harshe yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya ba da labarin wani majinyaci wanda yake gane abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta kome sai gaɓa ɗaya. Bayan rasuwarsa aka sami lahanin a gaban ɓangaren hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka, wato mutanen da magana take zuba daga bakinsu ba ma'ana, ba sa kuma gane ta wasu. Tun daga lokacin aka san cewa furtawa dabam, ganewa dabam, ɗaya tana iya lalacewa ɗayar ta tsira.

Sa'o'in farko

Abin da aka yi a ranar farko yana da babban tasiri a kan abin da zai biyo baya. A kai yaro asibiti nan da nan in aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ya suma, ko da na ɗan lokaci ne;
- yana ta amai ba sau ɗaya ba;
- ciwon kai yana ƙaruwa;
- barci ya rinjaye shi, tashinsa yana wuya;
- jijjiga irin ta farfaɗiya;
- jini ko ruwa garau yana fita ta hanci ko kunne;
- baƙin ido ɗaya ya fi ɗayan buɗewa;
- hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta karye;
- a jariri, maɗiga ta kumbura, ko ya ƙi nono.

Akwai yaron da zai faɗi, ya tashi, ya yi magana lafiya, bayan 'yan sa'o'i kuma ya fara gyangyaɗi ya suma. Wannan yakan faru ne sa'ad da jini yake taruwa a hankali a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Tiyata da wuri tana ceton irin wannan yaro, jinkiri kuwa yana kashe shi. Don haka a sa masa ido sosai kwana ɗaya zuwa biyu. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko jiƙo. Kada a lanƙwasa wuyansa wajen ɗauka, gama mai yiwuwa ne wuyan ma ya ji rauni. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini.

Asibitin da ya fi kusa shi ne wurin farawa, kamar babban asibitin Tambuwal. In raunin ya yi tsanani za a tura shi gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa wadda take karɓar majinyata daga jihohin wannan yanki. Daga Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuma ta fi haka tsawo da wuya. Ya kamata kowace ikkilisiya ta san tun kafin buƙata ta taso wa yake da mota, da inda kuɗin mai zai fito.

Likitoci suna auna tsananin raunin da wani ma'auni da aka fito da shi a Gilasgo ta ƙasar Birtaniya a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Maki 13 zuwa 15 rauni ne mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Iyaye su tambayi wannan lamba su rubuta, tare da yawan kwanakin da yaron ya yi bai san inda yake ba. Duk wanda zai kula da shi nan gaba zai amfana da wannan bayani.

Yadda magana take dawowa

Yawancin yaran da suka sami rauni mai sauƙi sukan warke cikin mako huɗu. Hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, daga nan a koma harkokin yau da kullum kaɗan-kaɗan, a dakata in ciwon kai ya tashi.

Rauni mai tsanani dabam yake. Bayan dogon suma yaro yakan buɗe ido amma ya yi kwanaki ko makonni bai ce uffan ba. Wannan shiru sau da yawa yakan wuce. Daga nan sai a shiga lokacin ruɗewa, yana magana amma bai san rana ba, bai riƙe abin da ya faru ɗazu ba, yakan yi fushi ko kuka ba dalili. Bayan wannan ne kalmomi suke dawowa sosai. Ci gaba ya fi sauri a watanni shida zuwa goma sha biyu na farko, sa'an nan ya ci gaba a hankali har shekaru.

Ba kasafai yaro yake rasa magana gaba ɗaya har abada ba. Abin da ya fi yawa shi ne lahanin da ba a gani da wuri. Zai nemi sunan abu ya rasa, ya ce "abin nan, abin nan" yana nufin ludayi. Za a aike shi kasuwa sayen abu uku ya dawo da ɗaya. In yana ba da labari sai ya fara daga tsakiya, ya bar muhimmin abu. In mutane da yawa suna magana lokaci ɗaya sai ya ɓace. Karin magana da habaici da ba'a sukan wuce shi, ya ɗauki magana yadda ta fito. Wani kuma yakan katse manya, ko ya faɗi abin da bai kamata ba a gaban baƙi, domin sashen kame kai ne ya ji rauni. A nan ne ake yawan zaluntar waɗannan yara, a kira su marasa kunya, ko sangartattu, ko dolaye.

Wasu kuma tsokar baki da harshe ce take raunana, magana ta fito a ja ko ta hanci. In yaro yana ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci da shan ruwa, a gaya wa likita, gama abinci yana iya shiga huhu.

Karatu da rubutu

Karatu aiki ne da sassa da yawa suke yi tare. Ido ya ga baƙi, ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da sauti, ta haɗa sautuka su zama kalma, ta riƙe farkon jimla har a kai ƙarshenta, sa'an nan ta ciro ma'ana. Rauni yana iya taɓa kowane mataki. Yaron da ya riga ya iya karatu kafin hatsarin yakan dawo da gane kalmomi, amma saurinsa ya ragu, yana kai ƙarshen shafi ya manta farkonsa. Zai karanta aya daidai a gaban jama'a, a tambaye shi abin da ta ce ya yi shiru.

Kafin a ce yaro ya kasa karatu, a duba idonsa da kunnensa. Buguwar kai takan sa mutum ya ga abu biyu-biyu, ko ya daina ganin gefe ɗaya na shafi, ko kunne ɗaya ya toshe.

Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi ga mai sake koyo, domin kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓoɓin kuma gajeru ne, kamar ba, bi, bu. Amma akwai wurare biyu da yaro zai buƙaci taimako. Na farko, bambanta b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Na biyu, rubutun ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, sai jimla ce take raba su. Wanda riƙe jimla yake yi masa wuya zai yi tuntuɓe a nan.

Yara da yawa a ikkilisiyoyinmu suna da harshe uku, na gida, da Hausa, da Turanci a makaranta. Ba a bukatar a hana yaro harshen gidansu. A fara da harshen da ya fi ƙarfi a bakinsa kafin hatsarin, a gina sauran a kansa.

Shekarun yaro

An daɗe ana ɗauka cewa ƙaramin yaro ya fi babba saurin warkewa domin ƙwaƙwalwarsa ɗanya ce. Akwai gaskiya a ciki idan raunin ya tsaya wuri ɗaya. Amma binciken da Vicki Anderson da abokan aikinta suka yi a Melbon ta Ostareliya, inda suka bi yara shekaru bayan hatsari, ya nuna cewa ƙananan yaran da suka sami rauni mai tsanani sun fi manyansu shan wahala daga baya. A Toronto ta Kanada ma, Marcia Barnes da Maureen Dennis da abokiyar aikinsu sun ba da rahoto a 1999 cewa yaran da suka ji rauni kafin su koyi karatu, ko suna cikin fara koyo, sun fi fuskantar matsalar karanta kalmomi.

Dalilin a fili yake. Ɗan shekara goma sha biyu yana neman dawo da abin da ya riga ya mallaka. Ɗan shekara huɗu kuwa zai koyi kome daga tushe da ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Saboda haka lahanin yakan ɓuya. Yaron da ya faɗo daga babur yana shekara uku zai yi kamar ya warke sarai, sai ya shiga aji ɗaya a ga baƙaƙe sun ƙi zama. Wani sai a aji huɗu, lokacin da darussa suka yi nauyi. Wani sai a ƙaramar sakandare, inda malamai suke da yawa kuma ana so ya tsara aikinsa da kansa. A lokacin kowa ya manta da hatsarin. Iyaye su riƙa gaya wa kowane sabon malami tarihin yaron.

Aikin gida

Ƙwararrun masu gyaran magana ba su da yawa a Nijeriya, yawancinsu kuma a manyan birane suke. Wannan bai sa iyaye su fid da zuciya ba. A Barazil, Lucia Braga da abokan aikinta na asibitocin SARAH sun raba yara 'yan shekara 5 zuwa 12 masu raunin ƙwaƙwalwa gida biyu. Kashi ɗaya ƙwararru ne suke yi musu aiki a asibiti. Ɗaya kashin kuwa iyayensu aka koya wa, aka ba su littafi mai hotuna, suna yi a gida cikin ayyukan yau da kullum, ƙwararru suna duba su lokaci-lokaci. Rahoton da suka fitar a 2005 ya nuna cewa bayan shekara ɗaya yaran da iyaye suka kula da su sun fi ci gaba a jiki da tunani, zurfin ilimin iyayen kuma bai kawo bambanci ba. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya wannan aiki in an nuna mata.

Ga abubuwan da suke taimakawa:

- A yi aiki kaɗan-kaɗan, minti goma zuwa sha biyar, sau biyu ko uku a rana, da safe kafin ya gaji. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana saurin gajiya.
- A zaɓi wuri mai shiru, a kashe rediyo, mutum ɗaya ya yi magana.
- A ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a jira amsa. A ƙirga har goma a zuci kafin a maimaita.
- In kalma ta ɓace masa, a ba shi sautin farko ko a nuna abin. Kada a bar shi yana ta cankar da ba daidai ba, gama mai raunin tuna abu yakan riƙe kuskuren.
- A sa shi cikin aiki yana faɗin sunayen abubuwa, wajen surfe, ko ba awaki dusa, ko shanya.
- A yi tatsuniya da dare, a bar shi ya maimaita, ana tambayarsa me ya fara faruwa, me ya biyo baya.
- A karanta gajeren labari ɗaya sau da yawa, babba yana karantawa yaro yana bi da yatsa, sa'an nan su yi tare, sa'an nan shi kaɗai. Littattafan Mu Karanta! da aka raba a makarantun firamare na Sakkwato da Bauci sun dace da wannan.
- A tsare lokacin barci da na abinci, a rubuta ci gaban da aka gani kowane wata a littafi.

Wasu yara sukan kamu da farfaɗiya bayan raunin. Tana da magani, kada kuma a tsayar da shi sai da izinin likita. In fushi ko baƙin ciki ko rashin barci ya yi yawa, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware yana duba irin wannan.

Komawa makaranta

Kada a jira sai yaro ya warke sarai, kada kuma a tura shi yini guda tun ranar farko. A fara da sa'a ɗaya ko biyu. A roƙi malami ya zaunar da shi a gaba, ya rage masa aiki, ya ƙara masa lokaci a jarrabawa, ya kuma ajiye bulala. Maimaita aji ba abin kunya ba ne. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da hakkin neman ilimi. Ga wanda ya rasa ji ko gani, akwai makarantar musamman ta A. A. Raji a birnin Sakkwato.

Koyarwar Littafi Mai Tsarki da aikin ikkilisiya

In halin yaro ya sake bayan hatsari, maƙwabta sukan ce iska ce ko sammu, wasu masu bi kuma su ce aljani ne ko zunubin iyaye. A Yohanna 9 almajirai sun yi irin wannan tambaya game da wanda aka haifa makaho, Yesu kuwa ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa. A Matiyu 4:24 an lissafta masu aljannu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Nassi bai mai da kowane ciwo aikin aljani ba, mu ma kada mu yi haka. Kwana ana ihu a kan yaron da ƙara take sa masa ciwon kai, ko sa shi azumi, ko hana shi magani, cutarwa ce. Yakubu 5:14 ya umarci dattawa su yi wa mara lafiya addu'a, Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Addu'a da asibiti tare suke tafiya.

Mefiboshet ɗan Jonatan yana shekara biyar ya faɗi daga hannun mai renonsa suna gudun yaƙi, ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Bai warke ba har ya girma, amma Dawuda ya nemo shi, ya mayar masa da gādon gidansu, ya ba shi wuri a teburinsa kullum (2 Sama'ila 9). Ba kowane yaro ne zai koma yadda yake dā ba, kada fasto ya yi wa iyaye alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da ikkilisiya za ta iya alkawarta shi ne wurin zaman yaron a cikinta ba zai ɓace ba. A Markus 7 kuma, da aka kawo wa Yesu kurma mai i'ina, sai ya janye shi daga taro, ya yi masa aiki su kaɗai. Malamin makarantar Lahadi ya koyi wannan, kada ya tsayar da yaron ya yi karatu a gaban aji ba shiri.

A aikace, a rage masa ayar haddacewa zuwa 'yan kalmomi, a ba shi ita tun farkon mako. A bar shi cikin ƙungiyar mawaƙa ta yara, gama waƙar da ya sani tun dā takan fito da sauƙi fiye da magana. A zaunar da shi nesa da lasifika da ganguna. A tsawata wa masu yi masa dariya. Zumuntar mata ta raba kwanaki don uwar ta huta, matasa masu karatu su ɗauki rana ɗaya-ɗaya suna karatu da shi, dattawa kuma su ware wani abu daga baiko domin kuɗin motar komawa asibiti, gama rashin wannan kuɗi yakan sa iyaye su daina zuwa. Irin wannan taimako ya kai ga ɗan maƙwabci ma, ko da ba mai bi ba ne.

Rigakafi

Tun 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano ga mai babur da fasinjansa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar cewa hular tana rage mutuwa da raunin ƙwaƙwalwa ƙwarai. A saya wa yaro wadda ta yi daidai da kansa, a ɗaure igiyarta. Kada a tara yara a kan babur ɗaya. A raka ƙanana wajen tsallaka babbar hanya. A rufe bakin rijiya, a gyara katangar da ta tsage kafin ruwa ya sauka. A koyar a taron iyaye cewa ba a horon yaro a ka, ba a kuma jijjiga jariri. Wanda kukan jariri ya ishe shi, ya kwantar da shi wuri mai kyau, ya fita ya kira wani ya karɓe shi.